Wace Mota Ta Dace Da Mai Sha'awar Tuƙi A Filin Tsere?

A ƙasashen da tseren mota ya daɗe da kafuwa, ba a kulle filin tsere don kawai babu gasa a ranar. A Ingila, filaye irin su Brands Hatch da Donington Park da Snetterton da Cadwell Park sukan keɓe ranaku ga kowa da kowa. Ka biya kuɗinka, ka zo da motarka da lasisinka da hular kwano, a tara ku da sassafe a karanta muku dokoki da ma'anar kowace tuta, sannan a buɗe muku hanya ku yi ta zagaye har la'asar. A Amurka ƙungiyoyi irin su SCCA da kulob-kulob na masu Porsche da BMW ne kan shirya irin wannan, kuma galibi sabon shiga yakan fita ne da malami zaune a gefensa. Ana yin haka a Kyalami da Zwartkops na Afirka ta Kudu, ana yi a Dubai Autodrome da Yas Marina a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Babu kofi, babu na ɗaya balle na biyu. A yawancin ranakun Ingila ma an hana auna lokaci da agogo, domin da zarar an fara aunawa abin ya koma gasa, inshorar masu shiryawa kuwa ba ta ɗauki nauyin gasa ba.

Masu zuwa wurin mutane ne da ke da sana'arsu daban: likita, malami, ɗan kasuwa, bakanike. Kusan kowa da motar da yake zuwa aiki yake farawa, kuma hakan daidai ne. Sai bayan ya je sau biyu ko uku ya lura gefen tayoyinsa ya cinye, birki yana warin ƙauri, kuma duk lokacin da ya tunkari kwana zuciyarsa na tuna masa cewa da wannan motar zai kai yara makaranta gobe. Daga nan ne tunanin sayen wata mota ta daban, wadda ba ta da aiki sai fili, yake shigowa. Daga nan ne kuma mutane da yawa suke yin kuskuren da ke raba su da wasan gaba ɗaya.

Tambayar da aka fi yi ita ce: da kuɗin da ke hannuna, wace mota ce ta fi gudu? A ganina wannan tambayar ce ke jefa mutane cikin rami. Tambayoyin da suka kamata guda biyu ne. Wace mota zan iya kaiwa fili a kai a kai ba tare da aljihuna ya yi kuka ba? Kuma in ƙaddara ta sa ta daki bango gobe, zan iya barinta a can in koma gida ba tare da cefanen iyalina ya girgiza ba? Duk motar da ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan biyun, komai kyanta, ba taka ba ce tukuna.

Bari in fara da ta biyun, don ita ce mutane ba sa son ji. Inshorar mota ta yau da kullum, a kusan ko'ina, ba ta biyan ɓarnar da ta auku a filin tsere. Akwai inshora ta musamman da ake saya ta kwana ɗaya, amma tana da tsada, kuma kason farko na asarar da mai mota zai biya da kansa ba ƙarami ba ne. Al'adar ranakun fili kuma ita ce kowa ya ɗauki asararsa. Ko wani ne ya zubar da baƙin mai a kwana ka bi ta kai ka zame, ba ka da wanda za ka kama. A Nurburgring na Jamus, tsohuwar da'irar nan ta arewa mai tsawon kilomita 20.8 da aka buɗe a 1927, abin ya ma fi haka nauyi. A ranakun da ake buɗe ta ga jama'a, dokar titin Jamus ce ke aiki a kanta, kuma wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya kuɗin gyaran shingen da na motar da ta janye shi, in an rufe hanya saboda shi ma lissafin na iya hawa kansa. Mutumin da ya ci bashi ya sayi mota mai tsada ya kai ta irin wannan wuri, rabin hankalinsa na kan bashin ne. Tuƙin fili kuwa hankali ɗungurungum yake so. Na fi ganin mai tsohuwar mota mai araha yana koyo da sauri, domin shi ba ya tsoron ya kusanci iyakar riƙon tayarsa, kuma a wannan iyakar ce duk darasin yake.

Tambaya ta farko kuma, ta kuɗin riƙo, amsarta na cikin abu guda da masu talla ba sa ambata da ƙarfi: nauyi. Duk wanda ya taɓa ajiye doki ya san saye ba shi ne wahala ba, harawa da dawa da kanwa na kullum su ne ke nuna ko mutum ya isa. Abincin motar fili shi ne taya da takalmin birki da faifan birki da man birki da baƙin mai da fetur, kuma nauyin mota da ƙarfin injinta ne ke yanke yawan abin da za ta ci.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin da ke tattare da mota mai tafiya yana ƙaruwa daidai da nauyinta, amma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninki huɗu yake yi. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,000 da ta taho da gudun kilomita 160 a awa, za ta sha kwana a kan 80. Abin da za a kashe mata kafin kwanar ya kai kilojul 740. Wata kuma mai kilo 1,700, wadda injinta ya kai ta 200 a wannan miƙaƙƙen wurin, ita ma dole ta sauko kusan 80 kafin ta sha kwanar, domin kwana ba ta san ƙarfin inji ba, riƙon taya ta sani. Nata ya kai kusan kilojul 2,200, wato kusan ninki uku. Kusan duk wannan zafi yake komawa, a faifan birki da takalminsa da tayoyi, kuma ba sau ɗaya ba: a kowace kwana, a kowane zagaye, tun safe har yamma. Shi ya sa mai babbar mota yake canja takalmin birki da taya yayin da mai ƙaramar ke ci gaba da zagaye da nasa. Sannan ga bambancin farashi a kanti. Taya mai inci 15 da taya mai faɗi ta inci 19 ko 20 ba kusa suke ba, kuma huɗu ake saye.

Zafin nan ne kuma ke kawo haɗarin da sabon shiga bai san da shi ba. Man birki yana tsotsar laima daga iska. Ma'aunin DOT 4 ya ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha laima ma'aunin ya sauko har 155. In man ya tafasa, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Masu fili sukan zuba man da ke jure sama da digiri 300, su kuma riƙa sabunta shi. Wannan gyaran ne na farko da kowace mota ke buƙata, kafin a yi zancen ƙara wa inji ko da doki ɗaya.

Bayan kuɗi akwai maganar koyo, wadda ita ce asalin abin da ya kai mutum fili. Mota mai ƙarfin doki 400 tana rufa wa direba asiri. Ya shiga kwana ba daidai ba, ya taka birki da wuri, ya fito a hankali, amma da ya taka totur a miƙaƙƙen wuri sai inji ya biya masa bashin, shi kuwa ya ɗauka ya iya. Mota mai doki 120 ba ta da wannan sassauci. In ka zubar da gudu a tsakiyar kwana, za ka ji shi har ƙarshen hanya, a zagaye na gaba kuma dole ka gyara layinka. Ita ce ke koya maka inda za ka kalla, da yadda ake sakin birki sannu a hankali ana karya sitiyari, da yadda nauyin mota ke komawa gaba ko baya gwargwadon abin da ƙafarka ta yi. In kuma ka yi kuskure babba, da gudun da za a iya gyarawa kake yin sa. Motocin zamani masu ƙarfi suna da kwamfuta mai kama mota in za ta zame, kuma abu ne mai amfani da bai kamata sabon shiga ya yi gaggawar kashewa ba, sai dai ita ma tana iya ɓoye maka cewa tun ɗazu ita ke tuƙin.

Wannan ne ya sa sunan Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, ba ya fita daga bakin masu wannan harka. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Chicago a 1989. Ta farkon ba ta kai kilo 1,000 ba, injinta lita 1.6 ne mai doki kusan 115, inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyinta a rabe kusan daidai tsakanin gaba da baya. A 2016 Mazda ta ƙera ta miliyan ɗaya, kuma wannan adadin yana da ma'ana ga mai fili: kayan gyara sababbi da na hannu suna ko'ina, kowane bakanike na fili ya san cutarta da maganinta, kuma a Amurka akwai rukunin gasa guda da ake kira Spec Miata, wanda yake cikin mafi cika a tseren masu sha'awa. In wata rana ka so tsallakawa daga zagaye zuwa gasa, ƙofar a buɗe take da motar da ka riga ka sani. Tana da nata aibin. Tsofaffin ƙirar, musamman na 1989 zuwa 2005, tsatsa na cin ƙasansu a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Rufinta buɗaɗɗe ne, don haka masu shirya fili da yawa ba za su bar ka ka shiga ba sai da ƙarfen kariya a bayan kujera, kuma a Amurka sukan gitta sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba su ga ko hular kwanonka ta tsaya a ƙasa da ita. Dogon mutum sau da yawa ba ya tsallake wannan gwajin. Kafin ka ba da kuɗi, ka sa hular kwano ka zauna a ciki.

Wanda MX-5 ta yi wa kaɗan yakan koma ga BMW jerin 3, ƙirar E36 ta shekarun 1990 ko E46 da ta biyo ta daga 1998. Rufi ne na ƙarfe, ga wuri, ga inji mai silinda shida da ke da juriya, kuma mutum na iya loda tayoyi huɗu a baya ya tuƙa abinsa zuwa fili. Sai dai ta fi nauyi, 330i ta E46 tana wajen kilo 1,500, don haka cin taya da birkinta ya fi. Cututtukanta biyu sanannu ne. Kayan sanyaya injinta, famfon ruwa da tankin ruwa da bakin lagireto, akwai roba da yawa a ciki, kuma in sun tsufa sukan fashe ba sallama. A E46 kuma ƙarfen ƙasan mota, inda aka ɗaure kayan tayoyin baya, yakan tsage, sai an yi masa walda da faranti na ƙarfafawa. Wanda ya sayi ɗaya ya gyara waɗannan tun kafin ranar farko ya samu mota ta shekaru. M3 ta ƙirar E46, mai doki 343, mota ce da ta cancanci sunanta, amma kuɗin riƙonta wata duniya ce daban.

A Turai akwai wata hanya da ake rainawa ba bisa haƙƙi ba, wato ƙananan motoci masu jan gaba. Renault Clio 172 da 182, masu inji lita 2 da nauyin da bai wuce kilo 1,100 da wani abu ba, sun cika filayen Ingila shekara da shekaru, haka ma Honda Civic Type R ta 2001. Masu ra'ayin riƙau sukan ce motar fili ta gaskiya sai mai tura baya. Ban yarda da wannan ga mai koyo ba. Mai jan gaba in ka wuce gona da iri hancinta ne kan fita waje, ka sassauta totur a hankali ta dawo, kuma a ranar ruwan sama hankalinka ya fi kwanciya. Abin da za ka biya shi ne tayoyin gaba, don su ke ja, su ke karya kwana, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Gaskiyar masu ra'ayin riƙau guda ce: wanda burinsa ya ƙare a motoci masu tura baya, gara ya fara sabawa da halinsu tun gudu na ƙasa.

Cikin na baya-bayan nan, Toyota GT86 da tagwayenta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, su ne suka fi kusa da wannan tunani. Doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, tura baya, rufin ƙarfe, da kariyar haɗari irin ta zamani wadda motar 1990 ba ta da ita. Da gangan aka fito da ita da siririyar taya mara riƙo sosai, domin direba ya ji motsin motar a gudun da bai kai na halaka ba. Mutane sun yi ta ƙorafin ba ta da ƙarfi. Ga mai koyo wannan ƙorafin yabo ne.

Daga nan sai manya. Chevrolet Corvette Z06 ta ƙirar C5, mai doki 405 daga 2002, ta yi suna a Amurka wajen ba da gudu mai yawa a kuɗi kaɗan, amma tayoyinta masu faɗi ne kuma tana kai ka gudun da kuskure ba ya yafuwa. Porsche Boxster da Cayman suna da daidaito mai daɗi saboda injinsu a tsakiya yake, sai dai in injin ya mutu kuɗin wani na iya kai kuɗin motar. 911 GT3, wadda aka fara a 1999, don fili aka yi ta tun daga masana'anta, kuma ba ta da abin kushewa sai farashi. A ɗaya ƙarshen akwai Caterham Seven, jikar Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Nauyinta bai fi rabin tan da kaɗan ba, don haka taya da birki sukan daɗe mata ƙwarai, kuma babu motar da ta fi ta gaya wa direba gaskiya. Amma babu rufin kirki, babu na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki, kuma jikinka a fili yake in wani ya same ka daga gefe.

Dole a ba wa masu son ƙarfi haƙƙinsu a wuri guda. Fili ya bambanta da fili. A Cadwell Park, mai ƙunci da hawa da sauka, ƙaramar mota sarauniya ce. A Silverstone ko Spa na Beljiyam, inda miƙaƙƙun wurare suke da tsawo, mai doki 115 zai yini yana kallon madubi yana ba da hanya, kuma hakan na rage daɗi, yana kuma raba hankali. Don haka kafin a zaɓi mota a fara zaɓen fili: wanne ne kusa da kai, wanne za ka fi zuwa, kuma mene ne dokokinsa. Ƙara ma doka ce. Filayen Ingila da yawa suna auna ƙarar salansa kafin a shiga, iyakar takan kama daga desibel 98 zuwa 105 gwargwadon fili da rana, saboda ƙorafin maƙwabta, kuma Laguna Seca ta Kalifoniya tana da ranakun da iyakar take 90. Wanda ya kashe kuɗi ya sa salansa mai ruri yana iya komawa gida bai yi zagaye ko ɗaya ba.

Giyar hannu ta fi sauƙin gyara da jure zafi, kuma ita nake ba mai koyo shawara, ko da yake giyoyin zamani masu kuloci biyu sun fi kowane hannu sauri. Tsohuwar otomatik ta motar gida kuwa zafi ke kashe ta. Inji mai turbo yana ba da ƙarfi da arha, amma yana tara zafi, bayan 'yan zagaye kwamfuta ta rage masa ƙarfi. Motocin lantarki suna da tashi mai ban mamaki, sai dai nauyin batir da zafinsa, da neman wurin caji a tsakiyar yini, sun sa har yanzu ba su ne zaɓin mai neman zagaye mai yawa ba.

Akwai kuma shawarar ko a sayi wadda wani ya riga ya shirya, ko a sayi ta gida a shirya da kai. Ta fuskar kuɗi, shiryayyiya ta fi araha kusan kullum, domin kayan da aka ɗora wa mota ba sa dawo da kuɗinsu ranar sayarwa. Sharaɗin shi ne a ga takardun aikin, a san wanda ya yi waldar kejin ƙarfen kariya, a duba kwanan watan da ke jikin bel da kujera, don suna da wa'adi. Mota mai tarin gyare-gyaren inji da babu wanda ya san tarihinsu, a bar ta inda take. Wadda injinta yake yadda masana'anta ta yi shi, aka kashe kuɗin a birki da shokazoba da sanyaya inji da kariya, ita ce abin nema. Ranar fili da aka biya ba a mayar da kuɗinta don motarka ta mutu da hantsi.

Maganar kariya tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan rabin aiki ya fi rashin aiki haɗari. Kayan kariyar mota tsari guda ne da ke aiki tare. Na masana'anta, wato bel mai ɗauri uku da jakar iska da kujera mai ɗan lanƙwasa, an gwada su tare. Na tsere, wato kejin ƙarfe da kujera mai rungume jiki da bel mai ɗauri biyar ko shida da hular kwano da abin tallafe wuya, su ma tare suke aiki. Haɗa rabin wannan da rabin wancan shi ne matsala. Bel ɗin tsere yana riƙe ka a miƙe ƙyam, in mota ta kife rufi ya lotsa babu ƙarfen kariya, ba ka da inda za ka kauce. Keji kuma in babu hular kwano, ƙarfe ne kusa da ƙoƙon kanka, abin da ya sa mota mai cikakken keji ba ta dace da yawo a gari ba. Sannan in bel ya riƙe jiki gam, kai da nauyin hula su ne ke wurgawa gaba a karo. Irin wannan rauni na gindin ƙoƙon kai ne ya kashe direban tsere Dale Earnhardt a Daytona a Fabrairun 2001, kafin ƙarshen shekarar NASCAR ta wajabta abin tallafe kai da wuya, Formula 1 ta bi sahu da na'urar HANS a 2003. Wanda zai sa bel ɗin tsere ya sayi wannan a rana guda. Da zarar mota ta kai wannan matsayi kuma, sai a fara lissafin tirela da motar da za ta ja ta da wurin ajiye su, kuma wannan kuɗin shi ma cikin kuɗin mota yake.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja yana da ƙarin abin dubawa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka arhar motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama ba tamu ba ce, kuma motar da aka juya wa sitiyari a gareji ba abin da za a amince wa a gudun fili ba ne. Da yawa daga cikin motocin da ke shigo mana daga Amurka sun bi ta gwanjon motocin haɗari. Wadda aka miƙe wa shasi da guduma na iya yin shekaru tana zuwa kasuwa lafiya, amma a kwana mai gudu karkatar za ta fito. A duba lambar shasi da tarihinta, a ɗaga motar a leƙa ƙasanta. Batun kayan gyara ma yana juya lissafin: abin da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo cikin yini ɗaya ya fi abin da za a jira daga waje, kuma ta wannan fuskar tsohuwar BMW ko Honda ta fi MX-5 sauƙin riƙo a nan. Zafin ƙasarmu kuma yana nufin lagireto mai kyau da na'urar sanyaya baƙin mai su zo kafin komai, inji mai turbo da ke son fetur mai daraja sosai kuwa a yi hattara da shi.

Babbar matsalar ita ce filin kansa. Wuraren da aka gina don wannan a Najeriya ƙalilan ne, wanda aka fi ambata shi ne na Evbuobanosa a jihar Edo, kuma daga Arewa tafiya ce mai nisa. Sha'awar kuwa tana nan, kowa ya ga yadda samari ke wasan mota a titunan gari da wuraren biki, kuma kowa ya ji labarin wanda aka take yana tsaye a gefe. Titi ba shi da filin zamewa, ba shi da mai ɗaga tuta, ba shi da motar asibiti a tsaye, kuma mai tahowa daga gaba bai san da wasanka ba. Wanda ba shi da filin da zai iya kaiwa, sayen motar fili bai kama shi ba tukuna. Kuɗin ya fi amfani in ya tara su ya je inda fili yake ya ɗauki hayar mota da malami, kamar yadda ake yi a Dubai da Afirka ta Kudu da gefen Nurburgring.

Ga wanda yake da fili a kusa, hukuncina shi ne MX-5 in jikinsa ya shiga, GT86 ko BRZ in yana son rufin ƙarfe da kariyar zamani, E36 ko E46 mai silinda shida in wuri da kayan gyara ne damuwarsa, kuma kada kuɗin sayen ya cinye fiye da rabin abin da ya ware. Kafin ka biya ko sisi, ka je ranar fili guda ba tare da mota ba. Ka zagaya inda ake ajiye motoci, ka ga wace iri ce ta fi yawa, ka lura da waɗanda har yamma suna fita da waɗanda aka buɗe wa bonet tun azahar. Ka tambayi masu su nawa suke kashewa a taya da birki a shekara, ka roƙi ɗaya ya ɗauke ka zagaye biyu a kujerar gefe, sannan ka je kasuwa.